Mamayar Faransa a Ƙasar Hausa ta Arewa: Daga Birnin Ƙonni zuwa Galma

Tsakanin watan Janairu da Yulin 1899, ayarin yaƙin da Faransa ta turo a ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ya ratsa kudancin ƙasar da ake kira Nijar a yau, tun daga bakin kogin Isa, wato Kwara, har ƙasar Tasawa. A takardun gwamnatin Faransa, aikinsa shi ne ya gano hanya daga kogin zuwa tafkin Chadi, ya ƙulla yarjejeniya da sarakunan da ke kan hanyar, ya kuma bi ta Damagaram, inda aka kashe Kyaftin Cazemajou a watan Mayun 1898. Abin da ya bari a bayansa kuwa shi ne ƙonannun garuruwa, rumbuna wayam, da gawarwakin dubban mutane. Wannan ayari ne ya buɗe wa Faransa ƙofar ƙasar Hausa ta arewa, kuma yaƙe-yaƙen da suka biyo bayansa a 1901 su ne suka shigar da ƙasashen Madawa da Buza da Keita ƙarƙashin mulkin Nasara.

Tushen al'amarin yana kan takarda. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi, suka ce kudu ta Ingila, arewa ta Faransa. Da layin ya kasa raba gardama, sai suka sake zama a birnin Paris, suka sa hannu a wata yarjejeniya ranar 14 ga Yunin 1898. A wannan karo suka ɗauki birnin Sakkwato a matsayin tsakiya, suka zana baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, ta arewa da shi. Duk abin da ya faɗa cikin bakan na Ingila ne. Wanda ya auna a taswira zai ga Birnin Ƙonni da Madawa suna ciki, Tawa da Keita suna waje, Buza kuma da ƙyar ta tsallake. Babu wanda ya tuntuɓi Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda aka yi awon da birninsa, kuma a lokacin Ingila ba ta da soja ko ɗaya a Sakkwato, don sai a watan Maris na 1903 ta ci garin. Masu zanen ba su san inda rijiyoyi suke ba. Ƙasar da ke da ruwa da hatsi da garuruwa kusa da juna ta faɗa hannun Ingila, Faransa kuma ta tashi da dajin da ayari ba ya ratsawa da rani sai da salka cike. Kusan duk abin da ya faru a wannan yanki cikin shekara goma da suka biyo baya, daga matsalar ruwan nan ya taso.

Ƙasar da ayarin ya nufa ba a hannu ɗaya take ba. Ƙonni tana bin Sakkwato. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi sun daɗe suna gaba da Sakkwato, Damagaram kuma daula ce mai cin gashin kanta, mai igwa da bindigogi. A Adar, sarautar Sarkin Adar da ke Ilela, wadda ta samo asali daga Agabba na gidan sarautar Agadas, tana nan da sunanta, amma ƙarfin takobi ya koma hannun Abzinawa. Kel Geres ke riƙe da kudu, wajen Madawa da Galma da Azarori, su ne kuma masu ayarin raƙuma da ke kai gishiri Sakkwato da Kano. Iwillimmidan na Kel Dinnik ke iko da arewa, Lisawan kuma suna zaune tsakanin manoman Tamaske da Keita. Manoman kwarin Majiya da na duwatsun Adar, Musulmi da Azna, suna biyan gero don a bar su lafiya, wani lokaci ma ga iyayengiji biyu. Irin wannan rarrabuwa ce ta sa babu wata runduna guda da ta tari baƙin, kowane gari da kansa ya ji da su.

Faransa ta shirya ayari uku ne da za su haɗu a tafkin Chadi. Na Foureau da Lamy zai keto Sahara daga Aljeriya, na Gentil zai hauro daga Kwango, na Voulet da Chanoine kuma zai taso daga yamma. A shekarar 1898 ɗin ne Ingila ta tilasta wa Faransa janyewa daga Fashoda a bakin kogin Nilu, saboda haka a Paris ana ƙishirwar wata nasara da za ta wanke wannan kunya. Voulet da Chanoine ba baƙi ba ne ga gwamnatinsu. Su ne suka ci Wagadugu a 1896, suka ƙone ta, kuma an san irin hannun da suka yi aikin da shi, amma yabo suka samu. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1898. Kuɗin da aka ba su bai kai girman aikin ba, abin da ke nufin tun daga farko an san ayarin a jikin talakawan hanya zai ci.

Turawan ayarin ba su kai goma ba. Akwai Laftana Joalland mai kula da igwa, da Laftana Pallier, da Laftana Peteau, da likita Henric, da saje uku. Sauran duka baƙaƙen fata ne: sojojin gwamnati kaɗan, da ɗaruruwan 'yan sa-kai da aka ɗebo daga ƙasar Bambara da maƙwabtanta bisa alkawarin ganima da bayi, da 'yan dako wajen 800 da Chanoine ya kamo da ƙarfi a ƙasar Mosi. Idan aka haɗa da mata da barori, jama'ar ta kai kimanin 2,000 lokacin da sassan ayarin biyu suka haɗu a Sansane Hausa a farkon Janairun 1899. A nan aka fara. Cikin kwanakin farko sojojin suka faɗa wa garin, suka kashe mutum 101, har da mata da yara.

Taron mutum dubu biyu da dawaki da shanu da raƙuma ba ya kwana biyu a kan rijiyar ƙauye ba ta ƙafe ba. Voulet ya gwada yankewa gabas kai tsaye, ƙishirwa ta koro shi, sai ya gangara ta bakin kogi, ya hauro ta kwarin Dallol Mawuri zuwa ƙasar Arewa. Tafiyar ta zama ta fara: a sauka a gari, a shanye ruwansa, a kwashe rumbunansa, a kama maza su maye gurbin 'yan dakon da suka mutu, a cinna wuta a wuce. 'Yan dako a ɗaure suke tafiya wuya da wuya, wanda ya gaza a kashe shi a gefen hanya. Ɗan jagoran da aka zarga da ɓatar da ayari ko ɓoye rijiya, rataye shi ake yi. Labarin ya riga ayarin isa ko'ina, mutane suka riƙa watsewa daji da dabbobinsu, su kuma hafsoshin suka ɗauki gudun a matsayin tawaye da ya cancanci horo.

A Lugu, gabas da Matankari, ranar 16 ga Afrilu, ayarin ya gamu da turjiyar da ta fi kowace suna. Sarauniya Mangu, shugabar addinin Aznan yankin, ta ƙi ba da hanya. Maharbanta suka ja da baya zuwa cikin sarƙaƙiyar ƙaya da suka sani kamar tafin hannunsu, suka riƙa sakin kibau masu dafi daga ɓoye. Rahoton Faransawa ya ce sun rasa mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000. An ƙone Lugu, amma ba a kama Sarauniya ba, mutanenta kuma suka dawo bayan ayarin ya wuce.

Daga nan Voulet ya yanke shawarar da ta saɓa wa umarnin da aka ba shi. Zagaye bakan Sakkwato ta arewa a tsakiyar bazara halaka ce, saboda haka ya kutsa cikin rabon Ingila. A farkon watan Mayu ya isa Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa, mafi girma a duk hanyar da ya biyo. Garin bai miƙa wuya ba. Aka kafa igwa aka buɗe masa wuta, sojoji suka shiga, masu gudu ta ƙofofi kuma mahaya suka bi su. Alƙaluman waɗanda aka kashe sun sha bamban tsakanin rahoton hafsoshin da abin da mutanen garin suka gada daga kakanninsu, daga ɗaruruwa har zuwa dubbai masu yawa, amma kowane ɓangare ya yarda cewa kwashe gawarwakin ya ɗauki kwanaki, kuma an tafi da ɗaruruwan mata aka rarraba wa sojoji. Kisan Ƙonni shi ne mafi muni a tafiyar baki ɗaya. Daga can ayarin ya nufi gabas ta ƙasar Gobir da Tsibiri. Buza da Keita suna arewa da hanyarsa, bai taka su ba, sai dai labarin Ƙonni ya isa kasuwanninsu tun kafin su ga Bature da ido, kuma wannan labari ya yi aiki a zukatan masu yanke shawara shekara biyu bayan haka.

Abin da ya tona asirin ayarin a Paris rigimar cikin gida ce. Tun a ƙarshen Janairu Voulet ya kori Laftana Peteau bayan saɓani. Peteau, wanda shi ma hannunsa ba tsarkakakke ba ne, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙu yana zayyana abin da ya gani, wasiƙun suka kai ga wani ɗan majalisa, daga nan suka kai teburin ministan ƙasashen mallaka, Guillain. A watan Afrilu aka umarci Laftana-Kanal Klobb ya bi sawun ayarin, ya bincika, ya karɓe ragama idan zargin ya tabbata. Klobb ya taso da Laftana Meynier da 'yan sojoji ƙalilan, ya yi tafiyar sama da kilomita 2,000. Bai sha wahalar neman hanya ba, toka da ƙasusuwa suka yi masa jagora. A littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum, ya ambaci garuruwan da ya tarar a ƙone ɗaya bayan ɗaya, da rijiyoyin da gawa ta ɓata, da 'yan mata ƙanana da ya gani a rataye a reshen itace a Koran Kalgo.

Voulet ya aika masa takarda cewa in ya matso zai ɗauke shi abokin gaba. Klobb bai tsaya ba. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka yi arba a Dankori, kusa da Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya nufi sahun Voulet a kan doki cikin kayan sarki. Voulet ya ba da umarni aka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya samu rauni a ƙafa. Bisa ga abin da Joalland ya ruwaito, a daren nan Voulet ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya fita daga Faransanci, ya zama sarkin baƙaƙe, zai kafa daular kansa. Sauran Turawan suka janye jiki. Sojojin kuma da suka fahimci ba za su sake ganin gida ba, sai suka juya bindiga: suka harbe Chanoine ranar 16 ga Yuli a Maijirgi, washegari wani mai gadi ya harbe Voulet. Kaburburan da aka ce nasu ne suna Maijirgi har yau.

A nan labarin yakan tsaya a bakin masu ba da shi, amma mamayar ba ta tsaya ba. Mako biyu kacal bayan mutuwar kyaftin ɗin biyu, ayarin nan dai, da sojojinsa da igwarsa, ya karya rundunar Damagaram a Tirmini, ya shiga Zinder, babban birnin Damagaram, ranar 30 ga Yuli. A watan Satumba aka kashe Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga. Joalland da Meynier suka ci gaba zuwa tafkin Chadi, suka haɗu da sauran ayarin biyu, ranar 22 ga Afrilun 1900 aka kashe Rabeh, wanda ya mamaye Borno, a Kusiri. Duk abin da Paris ta aiko ayarin ya yi, an yi shi.

Riƙe Zinder ya dawo da tsohuwar matsala. Dole a riƙa kai mata sojoji da harsashi da albashi daga bakin kogi, hanyar Ƙonni kuwa ta Ingila ce a takarda. A 1900 Faransa ta kafa Yankin Soja na Uku, ta damƙa shi ga Laftana-Kanal Péroz, tare da Kumandan Gouraud, wanda a 1898 ya kama Samori, sarkin da ya daɗe yana yaƙi da Faransa a yamma. Su ne suka shimfiɗa hanyar arewa mai zagaye bakan: daga kogi zuwa Filinge, a ratsa daji marar ruwa zuwa Tawa, a bi ta Tamaske da Gidan Bado kusa da Buza, sannan a gangara Tasawa da Zinder. Zaɓen waɗannan wurare ba don girmansu ba ne. Su ne matattarar ruwa da hatsi ta ƙarshe da ke wajen rabon Ingila. Ta haka Adar, wadda ayarin 1899 ya bari a gefe, ta zama ƙashin bayan mulkin Faransa a gabashin kogi.

Hanyar tana cin raƙuma da shanun dako da gero, waɗannan kuwa a hannun Kel Geres da talakawansu suke. Barikin Nasara a tsakiyar Adar yana nufin geron da manomi ya saba kai wa Abzinawa zai koma wani rumbu, ayarin gishiri kuma sai da izinin baƙo. Kel Geres suka ƙi. Aka gwabza a Zangebe a watan Afrilun 1901, aka sake gwabzawa a Galma, kusa da Madawa, a watan Yuni. Mayaƙan Kel Geres sun zo da abin da suka gada, takobi da mashi da garkuwar fata, suka yi ta afka wa sahun sojojin da ke harbi da bindiga mai cin nisa. An kashe musu mazaje da yawa, aka kwashe dabbobi, wasu suka tsallaka kudu wajen Sakkwato kafin daga baya su dawo su yi mubaya'a. Galma ba ta yi suna irin na Lugu ba, alhali ita ce ta karya ƙarfin Kel Geres a ƙasar Madawa.

Ba kowa ne ya tari Faransawa da takobi ba, kuma tarihin da ya ɓoye wannan bai cika ba. Shugabannin Lisawan sun yi mubaya'a da wuri, suka samu sarautar kanto a yankin Tamaske da Keita, a kan manoman da a da ba su da cikakken iko da su. Wasu garuruwan Hausawa da suka gaji da hare-hare da biyan gero baki biyu sun ga baƙin a matsayin mafita. Ba a daɗe ba suka gane farashin: lanho na kowace shekara, aikin tilas, ƙwace raƙuma da jakuna don dako, da kumandan wanda maganarsa ita ce shari'a. Iwillimmidan sun yi mubaya'ar baki, suka ci gaba da zamansu a Azawak, sai a boren 1916 da 1917, zamanin jagororin Abzinawa Firhun da Kawusan, aka karya ƙarfinsu da kisa mai yawa.

Hanyar arewa ba ta taɓa biyan bukata ba, ayari kan rasa dabbobi masu yawa tsakanin Filinge da Tawa. Faransa ta yi ta matsa wa Ingila lamba a gyara iyaka, har ta samu biyan bukata a yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904 da ta 29 ga Mayun 1906. Aka soke bakan Sakkwato, aka turo iyakar kudu, Ƙonni da Madawa da Tsibiri da Maraɗi suka koma hannun Faransa. Tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi layin tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Iyakar da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Ilelar Najeriya a yau ita ce wannan, babbar hanyar mota ta ƙasa mai lamba 1 kuma, wadda ta bi ta Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Tasawa zuwa Zinder, kusan sawun ayarin 1899 take bi. Da iyakar 1898 ta tsaya, da yaran Madawa Ingilishi suke koya a makaranta.

A Faransa an nemi rufe maganar da wuri. Ƙasar tana cikin rikicin shari'ar Dreyfus, hafsan sojan da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, sojoji ba sa son wata sabuwar kunya. A ƙarshen 1900 majalisa ta yi watsi da bukatar ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ta a kafa kwamitin bincike, binciken ma'aikatar ƙasashen mallaka kuma aka rufe shi a 1902 da bayanin cewa zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. Wannan bayani ba ya tsayuwa. Kisan ya fara tun a Sansane Hausa, wata shida kafin Dankori, kuma irinsa aka yi a ƙasar Mosi aka ba da lada. Abin da ya girgiza Paris shi ne harbin kanal Bafaranshe a ranar bikin ƙasa, Ƙonni ba ta tayar da hankalin kowa haka ba. Babu hafsa ko ɗaya da aka hukunta saboda garuruwan da aka ƙone. Joalland da Meynier duk sun kai muƙamin janar, ƙasar da aka ci kuma ba a mayar da ko taki ɗaya ba. Su kuwa sojoji baƙaƙe da 'yan dakon Mosi da suka zube a hanya, nasu ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Nijar, abin da ya fi zama a zukata shi ne Sarauniya. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987, su suka ɗaga ta daga tarihin ƙauye zuwa alamar ƙasa. Ta cancanci hakan, sai dai hasken da aka haska mata ya bar wasu a duhu: mutanen Ƙonni da suka mutu a bakin ganuwarsu, da mayaƙan Zangebe da Galma, waɗanda ba kasafai ake jin sunansu a wajen jihar Tawa ba. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi hanyar ayarin gari-gari yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa, daga bisani kuma wakilan wasu daga cikin garuruwan suka kai kokensu ga Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a buɗe takardun tarihi, a amsa laifi, a biya diyya. A amsar da ta bayar a 2025, gwamnatin Faransa ta ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta amsa laifin ba.